Durgu da Wuƙar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, tana tafe tana ɗingishi.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ko da jan gindi ne.

To, ku matso. Kai Ɗanlami, janye ƙafarka daga kan zanena, ba tabarma ba ce.

Wata tsohuwa ce a wani gari, ana ce mata Kuluwa mai faifai. Gidanta ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu suna aure a garuruwa masu nisa. Ita kaɗai take zaune, sai kajinta. Kajin ma ba yawa: akwai Zakara, akwai Fingi mai gashi a birkice kamar wadda ta yi faɗa da guguwa, akwai Fara mai girman kai, sai Durgu.

Durgu gajeriya ce. Ƙafafunta ba su fi ɗan yatsan nan nawa ba, in tana tafiya sai ku ce tulu ake mirginawa. In an watsa hatsi, kafin ta iso an cinye. Amma wajen kwanci da reno, duk garin ba kamarta. A lokacin nan kuwa ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki bakwai, kwanansu huɗu a duniya.

Maƙwabcin Kuluwa, wanda danga ɗaya ce ta raba su, shi ne Gizo. Damina ce, maza duk sun fita noma, har matarsa Ƙoƙi ta saɓa fartanya ta tafi. Shi kuwa yana kwance a gida da ciwon baya, irin wanda yake tashi ranar noma ya kwanta ranar cin tuwon suna.

Ran nan da hantsi, Kuluwa tana wanke-wanke, Durgu tana tona wa 'ya'yanta ƙasa a gindin rumbu, sai wata inuwa ta gifta. Zakara ya kwarma ihu ya shige ƙarƙashin rumbu. Fingi ta faɗa akurki. Fara ta haye danga. Durgu ta duba ƙafafunta, ta duba 'ya'yanta, ta san ba inda za su kai. Sai ta baza fukafukai ta rufe su duka bakwai.

Shaho ya sauko, fuuu! Ya ce, "Matsa, gajera, ba ke na zo ɗauka ba."

Durgu ta ce, "In ka ga na matsa daga nan, to ɗaga ni aka yi."

Ya ce, "To, haka za a yi."

Ya kafa mata farata a gadon baya, ya yi sama da ita. Kuluwa ta ɗago kai. Muciya ce a hannunta, ta wurga masa ita da duk ƙarfin da tsufa ya rage mata. Muciya ta same shi a fiffike, ƙwal! Ya saki Durgu, ta faɗo kan turmi, tim, ta gangaro ƙasa. Ba motsi. Baya ya tsage, jini yana zuba, ƙafar hagu tana lilo.

Kafin Kuluwa ta gama salati, ga Gizo ya tsallako danga da wuƙa a hannu. Mai ciwon baya fa! Da tsamin bakin nan nasa ya ce, "Shannu, Iya, shannu. Allah ya mayar da alheri. Miƙo ta nan in yi mata abin da ya dace."

Kun dai san yadda ake yi. Kaza in ta ji ciwon da ba za ta tashi ba, maza ake yi a yanka ta, don in ta mutu da kanta ta zama mushe, sai dai a jefar a juji, ba kaza ba nama. A garin nan kuma mace ba ta yanka, sai an kira namiji. Wanda ya yanka, wuya nasa ne. Namiji kuwa a duk unguwar, a wannan hantsin, Gizo ne kaɗai.

Ya ce, "Iya, numfashi yana tafiya. Ni ba don wuya nake faɗa ba, ke nake ji wa asara."

Kuluwa ta ce, "Tsaya tukuna, na Ƙoƙi. Ban kaɗa mata ƙwarya ba."

Ta ɗauko babbar ƙwaryar da take tankaɗe a ciki, ta kife Durgu da ita, kamar yadda ake yi wa ɗan tsako in ya suma. Ta durƙusa, ta sa tafin hannu tana kaɗawa, kim-kim-kim, tana waƙa:

Durgu, Durgu, tashi ki ji kiɗa,
Ƙwarya ce, ba rami ba ne.
Bakwai suna tsaye a tsakar gida,
Wa zai tona musu ƙasa?

Ta ɗaga ƙwarya. Shiru. Gizo ya goga wuƙa a cinya ya ce, "Kin gani ko?"

Ta mayar da ƙwarya, ta sake kaɗawa, ta sake waƙa. Ta ɗaga. Shiru, sai dai yatsan ƙafa ɗaya da ya ɗan motsa. Gizo ya ce, "Wannan motsin ban kwana ne, Iya. Na san shi."

Ta mayar a karo na uku. Wannan karon kuka take yi tana kaɗawa, waƙar ma ba ta fita sosai. Tana ɗaga ƙwarya, Durgu ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Iya, su nawa ne?"

Kuluwa ta ce, "Bakwai, ko ɗaya bai taɓa ba."

Durgu ta ce, "To," ta mayar da ido ta rufe.

Gizo ya tura wuƙa cikin kube, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Ina nan kusa dai. Ko tari kika yi zan ji."

Kuluwa ba ta ko dube shi ba. Ta ɗora ruwa a wuta, da ya yi ɗumi ta sa gishiri kaɗan, ta wanke ciwon a hankali, tana cire gashin da ya manne a ciki ɗaya bayan ɗaya. Durgu tana rawar jiki, Kuluwa tana cewa, "Sannu, 'yar nan, saura kaɗan. Sannu, kin fi wasu mazan." Ta daka bagaruwa ta barbaɗa, ta bi da man kaɗe. Ta tsaga sillen kara gida biyu, ta daidaita ƙafar da ta karye, ta ɗaure da zaren da take ɗinkin faifai. Sannan ta shimfiɗa tsohon zaninta a cikin ɗaki, kusa da gadonta, ta kwantar da Durgu, ta kife ta da kwando don kada komai ya taɓa ta.

'Yan tsaki kuwa ta kai su wa Fingi, ta ce, "Ga amana. Ki riƙe su har uwarsu ta tashi."

Fingi ta ce, "Ni da ban taɓa reno ba? To, su biyo ni dai, amma ba na jiran kowa."

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Kuluwa tana tsoma yatsa a ruwa tana ɗiga wa Durgu a baki. Tana jiƙa ɓarzajjen gero tana ba ta ƙwaya-ƙwaya. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, faifan da ta fara yana nan rabi, ba ta je ba. Ciwo ya fara kamewa, Durgu ta fara ɗaga kai.

Gizo yana leƙe ta ramin danga, yana ganin romo yana yi masa nisa. Ran na huɗu ya shigo da sallama, hannu a baya kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Shannu, Iya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ya leƙa kwando, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan kike ce wa sauƙi? Dubi idonta. Ba ciwo ne zai kashe ta ba, kaɗaici ne. Ke da kanki, in an kife ki da kwando kwana huɗu, ya za ki ji? Kaza da 'yan'uwa aka san ta. Fitar da ita ta sha rana, ta ji hira."

Durgu ta ji maganar, ta ce, "Iya, ko daga nesa ne in hango yaran nan."

Kuluwa ta san kaji, ta girma da su. Amma tausayi ya rufe mata ido. Ta duba ciwon, ta ga ya yi ɓawo, ta ce a ranta, ai ɗan lokaci ne. Ta ɗauki Durgu ta kai ta inuwar rumbu, ta ajiye ta, ta ɗauki guga ta tafi rijiya.

Fingi ta ja yara can bayan ɗaki, ba su ma san an fito da uwarsu ba. Fara ce ta fara zuwa. Ta karkata kai ta ce, "Sannu, Durgu. Mene ne wannan ja-ja a bayanki? Tsaya in gani." Ta kai baki, caf!

Durgu ta ce, "Wayyo! Ciwona ne!"

Zakara ya taho ya ce, "Me ake ci ba a kira ni ba?" Ya kai baki, caf! Ɓawo ya ɗaye, jini ya fito.

Fingi ta ji hayaniya, ta bar yara ta sheƙo a guje, ta ce, "Ku rage mini!" Caf!

Da Kuluwa ta dawo, guga ta saki a ƙofar gida. Ta kore su da tsintsiya, ta ɗauki Durgu. Ciwon da aka yi kwana huɗu ana lallaɓawa ya koma ɗanye, har ya fi na farko faɗi.

Zakara ya sunkuyar da kai har tukkunsa yana taɓa ƙasa. Ya ce, "Iya, wallahi ba ƙiyayya ba ce. Mu in mun ga ja, hankalinmu gushewa yake yi. Ko a jikin uwata na gani, sai na kai baki."

Kuluwa ta ce, "Na sani. Laifina ne, ni da na sani na yi kamar ban sani ba."

Sai ga Gizo, ya riga ya tsallako, wuƙa tana walƙiya don ya wasa ta tun safe. Ya ce, "Ashsha, ashsha! Wa ya zaci haka? To, Iya, yanzu kam ba sauran jira. Ni ma ba zan tsananta ba, wuya da ƙundu sun ishe ni."

Kuluwa ta ce, "Yaushe ƙundu ya shigo?"

Ya ce, "Ai zuwa biyu na yi."

Ta ce, "Koma ka kwanta, kada bayanka ya tashi."

Ta sake ɗora ruwa, ta sake wankewa, ta sake barbaɗa bagaruwa. Wannan karon ta daka gawayi ta kwaɓa da man kaɗe, ta shafe ciwon ya yi baƙi ƙirin, yadda ko Zakara ya gani ba zai san akwai ja a ƙasa ba. Ta mayar da Durgu ƙarƙashin kwando, ta ce, "Ba mai ƙara ganinki sai kin warke, ko Fara, ko Fingi, ko yara. Kada su hau miki ƙafa."

Ke Lantana, hamma kike yi ko kuka? To, share idonki, ba a zo wurin kukan ba tukuna.

Gizo ya ga ta hannun tsohuwa abin ba zai yiwu ba. Ya bari sai da Kuluwa ta fita ɗebo gara, don takan kife tsohuwar tukunya cike da kara da kashin shanu a bakin suri, gara ta taru a ciki, ta kawo wa kaji. Tana fita, ya lallaɓa cikin ɗaki, ya tsuguna a gefen kwando, ya yi ƙasa da murya.

"Durgu, kina ji na?"

"Ina ji."

"Ni tausayinki ne ya kawo ni, da na tsohuwar nan. Kin san geron da take ba ki na kununta ne? Kwana nawa rabon da ki ji ta dama kunu? Kasuwa ta bari saboda ke. Jiya da ta sunkuya, sai da ta dafa bango kafin ta miƙe."



Ya ce, "Kuma ko kin tashi, da wace ƙafa? Da guda biyu ma ba ki tsere wa Shaho ba."

Durgu ta ce, "Yarana fa?"

Ya ce, "Wane yara? Ai sun manta da ke. Fingi suke kira Inna. Sun yi ɓul-ɓul, sai ki ce 'ya'yan agwagwa. Ke kaɗai ce kaya a gidan nan. In kin mutu da kanki kuma, tsohuwa ta yi wahalar banza, ko romo ba za ta kurɓa ba. Ni dai na faɗa miki gaskiya, don maƙwabtaka."

Ya fice abinsa.

Da Kuluwa ta dawo ta zuba mata gara, Durgu ta kawar da kai. Ta jiƙa gero, ta kawar da kai. Ta ɗiga ruwa, ya gangaro ta gefen baki.

"Ke Durgu, mene ne?"

Durgu ta ce, "Iya, ki kira Gizo."

"In kira shi ya yi mini me?"

"Ya yanka ni tun ina da amfani. Kin yi abin da ko uwar da ta ƙyanƙyashe ni ba za ta yi ba. Kada ki rasa ni, ki rasa nama. Ki yi farfesu ki sha, ki ji ƙarfin jikinki."

Kuluwa ta zauna daɓas a ƙasa. Can ta ce, "Tun kina ƙwai nake juya ki da hannuna. Da safe in na buɗe ƙofa, ke ce kike fara ce mini ina kwana. Kina tsammanin zan iya haɗiye ki?"

Durgu ta cusa kai cikin fiffike.

Gizo yana bakin ƙofa, dama bai yi nisa ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Iya, kin ji da bakinta. Kazar da ta daina ci ai ta gama. Ki bar son zuciya, kina wahalar da baiwar Allah. Ni wuya da ƙundu da cinya ɗaya, shi ke nan, sauran duk naki."

Wannan karon Kuluwa ba ta kore shi ba, don maganar ta taɓa ta. In Durgu ba za ta tashi ba, riƙe ta a haka ai azaba ce. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Ka ba ni kwana uku. In hantsin rana ta uku ya yi ba ta ci komai ba, ka zo da wuƙarka. Ba zan hana ka ba. Naman ma ka kwashe duka, ni ba zan ci ba."

Gizo ya ce, "Duka?"

Ta ce, "Duka."

Ya fita yana taka rawa, har ya manta ya dafe baya.

Rana ta farko, Kuluwa ta soya gyaɗa ta daka, ƙamshi ya cika ɗaki. Durgu ba ta ko ɗago ba. Gizo ya leƙo ta danga ya ce, "Ta ci?" Kuluwa ta ce, "Ba ta ci ba." Ya tafi aro tukunya.

Rana ta biyu, ta tafi bakin fadama ta kamo fara masu ƙiba, ta cire musu ƙafafu ta ajiye mata a gaba. Durgu ta ce, "Ki kai wa Zakara." Gizo ya leƙo ya ce, "Ta ci?" Kuluwa ta ce, "Ba ta ci ba." Ya tafi roƙon albasa da citta.

Rana ta uku, gari ya waye. Kuluwa ta idar da salla, ta ɗaga kwando. Durgu ta rame, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin lauje. Daga can gidan Gizo ana jin ƙarar wuƙa a kan dutse, shaƙat-shaƙat, hayaƙi yana tashi, ya ɗora ruwan figa.

Kuluwa ta zuba sauran gara a kasko ta tura mata, ba don tana sa rai ba, don dai hannu ya saba. Dabara ta ƙare mata. Sai ta ce a ranta, in dai tafiya za a yi, bai kamata uwa ta tafi ba ta yi sallama da 'ya'yanta ba. Ta fita tsakar gida ta tattaro su a cikin zani, ta kawo su ɗaki, ta sauke.

Durgu ta ji tsiyau-tsiyau, ta zaro kai daga fiffike. Ta dube su. Ina ɓul-ɓul ɗin? Yara sun yi firit-firit, wuya kamar tsinke, gashi duk ƙura. Suka ruga suka cusa kai a jikinta, suna cewa, "Inna! Inna! Ina kika tafi?"

Ta ce, "Kai! Wa ya mayar da ku haka? Fingi ba ta ba ku abinci?"

Babban cikinsu ya ce, "In ta tona, ita take cinyewa. In mun matso sai ta ce mu tona namu."

Durgu ta ce, "To, ga gara nan a kasko, ku ci mana."

Yara suka leƙa kasko, suka ja da baya. Autan ya ɓuya a bayan 'yan'uwansa ya ce, "Inna, motsi take yi. Za ta cije mu."

Durgu ta ce, "Inna lillahi! Kwana goma sha a duniya, ba wanda ya koya muku cin gara? 'Ya'yan kaza suna gudun gara? Wa zai ji wannan abin kunya? Ku matso nan. Ku dubi bakina."

Ta miƙa wuya da ƙyar, ta ce ƙut-ƙut-ƙut, ta tsinci gara ɗaya. "Ta kai ake kama ta, kun gani? A buga ta da ƙasa. Sannan a yi haka." Ta haɗiye.

Kuluwa ta toshe bakinta da hannu biyu. Da yatsan ƙafa ta ƙara tura kasko gaba.

Auta ya ce, "Ni ban gani ba, Yaya ya tare ni."

Durgu ta ce, "Kai kullum sai an yi maka sau biyu. Duba." Ta tsinta, ta buga, ta haɗiye.

Wata ta ce, "Inna, in babba ce fa, mai jan kai?"

"Ita ma haka." Ta tsinci babba, ta buga, ta haɗiye. "Wannan ma ta fi daɗi."

Kafin a jima, bakuna takwas ne a cikin kasko. Da gara ta ƙare, Durgu ta ɗago ta ce, "Iya, ba ruwa ne a gidan nan? Yara sun ci abu sun ƙoshi, ba a ba su ruwa ba." Kuluwa ta kawo. Yara suka ce ba su iya ba, Durgu ta nuna musu yadda ake kurɓa a ɗaga kai sama, ta nuna, ta sake nunawa, har kasko ya yi rabi.

Ana cikin haka sai ga Gizo, ko sallama babu. Wuƙa a dama, albasa a aljihu, ya ɗaura tsumma a wuya don kada romo ya ɓata masa riga. Ya ce, "Iya, hantsi ya yi. Ruwa yana tafasa."

Kuluwa ta ce, "Ta ci."

Ya ce, "Wa ya gani?"

"Ni na gani."

"Ke ai uwar gida ce, ba a karɓar shaidarki. Sai na taɓa ƙirjinta na ji ko da abinci a ciki."

Ya durƙusa ya miƙa hannu. Auta yana tsaye a gaban uwarsa, Gizo ya sa bayan hannu ya make shi gefe. Auta ya wuntsila, ya ce tsiyau!

Jama'a, Durgu da ta yi kwana da kwanaki ba ta tsaya ba, sai ga ta tsaye! Ƙafa ɗaya tata, ɗaya ta kara. Gashin wuyanta ya tashi, ta baza fukafukai, ta kai wa Gizo sara a tsakiyar goshi, ƙwas! Wuƙa ta faɗi. Ta ƙara masa a hanci, albasa ta watse. Ta ƙara masa a ciki, ya faɗi warwas, ƙafafu takwas a sama.

Ta ce, "Su ne suka manta da ni? Su ne suka yi ɓul-ɓul?"

Auta ya tashi yana kaɗe ƙura, ya dubi Gizo yana mutsu-mutsu a ƙasa, ya ce, "Inna, wannan ma motsi yake yi. Ana cin sa?"

Durgu ta ce, "Ana ci. Ta kai ake kama shi."

Yara bakwai suka yi kansa. Gizo ya zabura, ya nufi ƙofa, Kuluwa tana tsaye da tsintsiya. Ya nufi ƙarƙashin gado, yara sun riga shi. Sai ya kama bango, ya haye, ya haye, bai tsaya ba sai cikin jinka. Ya maƙale a can yana haki, yana cewa, "Iya, wasa nake yi! A miƙo mini albasata!"

Kuluwa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, dariya tana yi hawaye yana zuba. Ta jawo Durgu ta ɗora a cinya, ta duba ɗaurin ƙafa, ta ga bai goce ba. Ta ce, "Ashe maganinki yana tsakar gida, ni ina can ina yawon kamun fara."

Durgu ta ce, "Iya, ki dama kunu yau. Na ji an ce kin daina sha."

Kuluwa ta ce, "Zan dama. Ke ma za ki sha."

Bayan sati uku aka kwance kara. Ƙafa ta ɗoru, amma ta ɗan karkace, Durgu ba ta ƙara tafiya daidai ba har ƙarshen ranta. Bayanta ma gashi bai sake fitowa a wurin tabon ba. Amma ta rayu, ta ga yaran nan bakwai sun girma, ta yi wani kwancin, ta sake wani. Kuluwa ta kakkafa rassan ƙaya da 'yar rumfar kara a tsakar gida, yadda in inuwa ta gifta, ko mai gajeren ƙafa yana da wurin shiga kusa.

Gizo kuwa yana can sama. Shi ya sa har yau in kun ɗaga kai za ku gan shi a lungun rufi, yana saƙa, yana leƙen ƙasa. Ran da ya kuskura ya sauko tsakar gida, kaza ba ta tambayarsa daga ina.

To, kun ji. In kuna jinyar wani, mutum ne ko dabba, kada ku yi saurin yanke masa ƙauna, kuma ku lura da wanda yake ba ku shawara, ku duba me zai samu in abin ya ɓaci. Mara lafiya kuma, bayan magani da abinci, yana so ya san akwai masu bukatarsa. Kada ku bari ya ɗauka shi kaya ne.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ramamme, na rumbun Gizo. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe shi zai share akurki.